Shirya wa abin da ba a sani ba a haƙar mai cikin teku

Malam, ka tambayi yadda ake tafiyar da dandalin haƙar mai a teku alhali babu tabbacin abin da za a tarar. Da farko, matsin da ke ƙarƙashin ƙasa kintace ne kawai, shi ya sa ake ta gyara nauyin taɓon da ake turawa cikin rijiya don ya danne wannan matsin yayin da haƙa ke nisa. In dandali ya kwana biyu, sai damuwa ta koma kan tsatsa da tsagewar wuraren walda, waɗanda igiyar ruwa ke jijjigawa dare da rana. Ni dai na'urar toshe rijiya, wadda ke rufe ta in mai ko iskar gas ya yunƙuro da ƙarfi, ta fi damuna, dole a riƙa gwada ta a kai a kai. Ita ce ta gaza a dandalin haƙar mai na Deepwater Horizon a 2010, inda mutum 11 suka rasu.