Me Ya Sa Ciwon Ya Fara Daga Cibiya?

TAMBAYA: Malam Likita, ɗana mai shekara 14 ya kwana yana murƙususu yana nuna cibiyarsa, na jiƙa masa kanwa a zatona kumburin ciki ne. Washegari ciwon ya koma mararsa ta dama, aka yi masa tiyatar afendis (ɗan wutsiyar hanji da ke ƙasan ciki ta dama). Me ya sa tun farko bai ji ciwon a inda cutar take ba? Daga wata uwa a Garwa.

AMSA: Hajiya, Allah ya ƙara masa lafiya. Yaronki bai yi kuskure ba, abin da ƙwaƙwalwarsa ta gaya masa shi ya nuna miki.

Fata cike take da jijiyoyin saƙo, shi ya sa idan ƙaya ta soki mutum a tafin ƙafa zai iya ɗora yatsa a daidai wurin ko da idonsa a rufe. Hanji ba haka yake ba. Jijiyoyin da ke ɗauko zafinsa kaɗan ne, kuma ba yanka ne ke tayar da su ba, sai dai miƙewa, da murɗawa, da kumburi, da ƙarancin jini. Saƙonsu yana shiga lakar ƙashin baya ta gaɓoɓi da yawa a warwatse, ya haura zuwa sashen ƙwaƙwalwa da ake kira talamus, daga nan ya bazu har zuwa sassan da ke kula da fargaba da tashin zuciya, dalilin da ya sa ciwon ciki kan zo da gumi da amai ke nan.

Jijiyoyin afendis suna shiga laka ne a gaɓa ta 10 ta sashen ƙirji, inda jijiyoyin fatar cibiya su ma suke shiga. Tun da ƙwaƙwalwa ta fi sabawa da saƙon fata, sai ta jingina ciwon ga cibiya. Bayan wasu sa'o'i, idan kumburin ya taɓa tantanin da ya lulluɓe bangon ciki, wanda jijiyoyinsa irin na fata ne, sai zafin ya yi kaifi ya tsaya wuri guda. Irin wannan ruɗin na ƙwaƙwalwa ne ke sa ciwon matsarmama kan bayyana a allon kafaɗar dama.

Ban ga laifinki ba a kan kanwar, domin ko ma'aikacin lafiya yana iya ruɗewa a daren farko. Amma duk ciwon da ya tashi daga cibiya ya sauka dama, musamman da zazzaɓi, ko yaro ya riƙa tafiya a duƙe yana gudun tari, a kai shi asibiti a ranar, kada a ba shi abinci ko maganin wankin ciki.