Amsa ga mai tambaya kan satifiket ɗin ƙwarewa

Ƙanena, ka ce shekararka 6 kana aikin akanta a wata ma'aikatar gwamnati a nan Jos, kana so ka zuba kwasar adashinka a satifiket ɗin ƙwarewa, amma kana tsoron kada kwalliya ta ƙi biyan kuɗin sabulu. Ni guda biyu na yi, ɗaya ya ɗaga ni, ɗaya yana ƙasan akwati.

Na ƙasan akwatin na kwana uku ne, a wani otal a Abuja. An ba mu jaka, aka ɗauke mu hoto da riga da hula, aka miƙo takarda mai ruwan zinari. Ranar intabiyu na tura ta gaban shugaban kwamiti, ya juya ta gaba da baya, ya ce, "Su wane ne waɗannan?" Gumin da na yi a ranar, a sanyin Disamba, Allah kaɗai Ya sani.

Ɗayan na ANAN ne, wato wata ƙungiyar ƙwararrun akantoci ta Najeriya. Kwalejinsu tana nan Kwall, a ƙaramar hukumar Bassa, ba sai ka bar jiha ba. Ba wasa ba ne fa. Na sha zama da suwaita biyu ina bitar haraji da binciken kuɗi har ƙarfe ɗayan dare, uwargida tana mita, kuma bayan jarabawa akwai horon aiki kafin a ɗauke ka cikakken mamba. Amma a layinmu na akantoci akwai matakin da ba ka wucewa sai da ANAN ko ICAN, ɗaya ƙungiyar ta ƙwararrun akantoci wadda doka ta kafa tun 1965. Na ga waɗanda suka fi ni iya aiki sun tsaya cak a wurin. Idan banki ko kamfanin odita kake hari, ICAN suka fi tambaya.

Na ƙasashen waje irin su ACCA (na akantoci, daga Birtaniya) da PMP (na kula da gudanar da ayyuka, daga Amurka) kuwa, da fam da dala ake biya, ka kuma san yadda naira ta koma tun 2023. PMP ma duk shekara 3 sai an sabunta.

Kafin ka taɓa adashin, gobe ka leƙa ofishin kula da ma'aikata, ka ce su nuna maka tsarin ƙarin girma na layinku. A wane mataki kake yanzu?