Amsa kan kalmar "familiar": sani ne na sabo

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ce a wurin intabiyu a Gusau an tambaye ka "Are you familiar with Excel?", ka rasa ko ƙwarewa ake nufi ko sani kawai, kuma kana so ka ji ko kalmar tana da alaƙa da "family". Na daɗe ina koyar da Turanci a sakandare nan Talata Mafara, kuma kalmar nan tana yawan kayar da yara a WAEC da NECO, don haka ka yi haƙuri in ɗan tsawaita.

Alaƙa kam akwai ta. Dukansu daga Latin suka fito, daga "familia", wato mutanen gida ɗaya har da barorinsu. Abin da yake "familiar" shi ne abin da ya zame maka kamar na gida: ka gani, ka sake gani, har ido ya saba. Ya wuce jin labari, amma bai kai ƙwarewa ba. Wanda ya ji cewa ana bikin kamun kifi a Argungu, "aware" yake da zancen, iyakarsa ke nan. Wanda ya saba zuwa, ya san inda ake tsayawa a bakin kogin Matan Fada, ya san yadda ake auna kifi a fidda gwani, shi ne "familiar with" bikin. Basarken da ke faɗawa ruwa da homa da gora kuwa ya wuce nan, shi sai dai a ce masa "skilled" ko "expert".

To, in kana iya buɗe Excel ka zuba sunaye da alƙaluma, ka sa ta tara maka jimla, ka fitar da takarda, amsarka "Yes, I am familiar with it" ce, kuma ba ka yi ƙarya ba. Sai ka ɗora da inda ka yi aiki da ita. Da ƙwararre suke nema, "proficient in" za su ce. Yana ci mini rai in ga yaranmu sun san abu amma sun ce "no" saboda tsoron kalma, aikin ya tafi ga wanda bai fi su ba.

Inda aka fi zamewa shi ne "with" da "to". Dubi direban da ke bin hanyar Gusau zuwa Funtuwa kullum. Yana iya cewa "I am familiar with this road", yana kuma iya cewa "This road is familiar to me". Magana ɗaya ce, ya saba da hanyar. Amma in ya ce "I am familiar to this road", ya juya zancen, hanyar ce ta san shi. Abin da nake gaya wa ɗalibaina shi ne su duba wanda ke farkon jimla. In mai sanin ne, "with" ke biyo baya. In abin da aka sani ne, "to" ke biyo baya. Sannan kalmar sifa ce, ba aikatau ba. Da yake mu "na saba" muke cewa kai tsaye, sai yaro ya rubuta "I familiar with him", ya bar "am" a baya, mai maki kuwa ba ya yafe wannan. Aikatau ɗinta "familiarise" ne, shi ya sa a sabon wurin aiki za ka ji an ce "Familiarise yourself with the rules", wato ka zauna ka san dokokin wurin.

Akwai kuma amfanin da ya shafi gane abu ba tare da ka tuna daga ina ba. Ka haɗu da mutum a tasha ko wurin ɗaurin aure, kana ta kallonsa kana cewa kamar na san fuskar nan: "Your face looks familiar". In suna ne ko murya, "That name sounds familiar". Kishiyarta "unfamiliar", baƙon abu.

Abin da nake so ka kiyaye sosai shi ne faɗin ta a kan mutane. In aka ce "He is too familiar with his boss", ba yabo ba ne. Ana nufin ya wuce gona da iri, sabo ya sa ya zubar da girmamawa. Turawa ma suna da karin magana a kai, "Familiarity breeds contempt", daidai da namu na ido wa ka raina, wanda nake gani yau da gobe. In tsakanin namiji da mace ne kuwa, zancen na iya ɗaukar zargi. Na taɓa gyara wa wani matashi takardar neman aiki, ya rubuta cewa yana "very familiar with" ɗiyar mai kamfanin, shi a ransa makaranta ɗaya suka yi. Na sa ya goge nan take. In kana so ka ce ka san mutum, "I know him well" ya wadatar, kuma babu mai fassara ta wata hanya.

Wajen furuci, nauyin yana kan gaɓa ta biyu, fa-MI-liya, kuma irin wannan ake tambaya a takardar furucin Turanci ta WAEC. Wajen rubutu kada ka manta da "i" kafin "ar" na ƙarshe. Masu barin ta suna kwaikwayon "similar" ne, ita kuwa kama take nufi, kamar a ce rigata da taka "similar" ne.