Da gaske ne tsiro na kuka, kuma sabuwar kwamfuta za ta raba mu da sayen taki?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a Tibiri, ina kuma noma gonar gado ta jigawa. Shekara uku ke nan hatsina ba ya tashi yadda ya kamata: ya tsaya gajere, ganyen ƙasa ya yi ja-ja, daga baya ƙuduji ya rufe gonar. Ƙanena da ke karatu a jami'a nan Maraɗi ya turo mini bidiyo biyu ta WhatsApp. Ɗaya na cewa masana sun ji tsiro na kuka idan ƙishirwa ta kama shi. Ɗayan na cewa an ƙera kwamfutar kwantam da za ta sa a daina sayen takin zamani. Mene ne gaskiyar waɗannan maganganu, kuma akwai abin da ya shafi gonata a cikinsu?

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa albarka a gona da aji. Maganganun biyu duk suna da tushe, sai dai an ƙara musu gishiri. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai cikin wasiƙarka shi ne jan ganyen nan da ƙudujin, domin su biyun ciwo ɗaya suke nunawa, kuma binciken da ya gano haka ya fi bidiyon biyu amfani gare ka nesa ba kusa ba.

Mu fara da kukan. A shekarar 2023, masana a Jami'ar Tel Aviv ƙarƙashin Lilach Hadany suka fitar da sakamakon wani gwaji. Sun ajiye na'urorin ɗaukar sauti kusa da tumatir da taba, suka hana wasu ruwa, suka yanke wasu. Tsiron da ke cikin ƙoshi bai cika yin ƙara ko ɗaya a awa ba. Tumatirin da aka hana ruwa kuwa yakan yi ƙas-ƙas sau 30 zuwa 50 a awa guda, da sauti siriri ƙwarai wanda kunnen mutum ba ya iya kamawa. Abin da aka fi zato shi ne, idan ruwa ya yi ƙaranci a jijiyoyin da ke ɗauke shi daga saiwa zuwa ganye, kumfar iska na shiga ta fashe, ita ce ke ba da ƙarar. Babu wanda ya nuna cewa tsiron na jin zafi ko yana neman agaji da gangan. Masu lambun zamani na iya amfana wata rana, na'ura ta gaya musu lokacin ban ruwa. Kai da ke dogaro da ruwan sama, ko ka ji ƙarar ba ka da famfon buɗewa.

Sai dai tsiro ba dutse ba ne, yana sanin halin da yake ciki kuma yana ɗaukar mataki. A 2018 Masatsugu Toyota da Simon Gilroy a Jami'ar Wisconsin ta Amurka sun ɗauki hoton saƙo yana tafiya cikin tsiro: tsutsa ta ciji ganye ɗaya, sai igiyar sinadarin kalsiyam ta bi jijiyoyi da saurin kusan milimita ɗaya a daƙiƙa, cikin ƴan mintoci sauran ganyen suka fara haɗa magungunan kare kai. Idan fari ne kuma, tsiro na tara wani sinadari da ake kira ABA, wanda ke rufe ƴan mitsi-mitsin ƙofofin da ke jikin ganye don kada ruwa ya tsere. Amma ta waɗannan ƙofofin ne iskar da tsiro ke haɗa abinci da ita take shiga, saboda haka in sun rufe girma ya tsaya. Masanan cibiyar binciken noma ta ICRISAT, wadda ke da reshe a Sadore kusa da Yamai, sun gano cewa nau'o'in hatsin da suka fi jure yankewar ruwa a ƙarshen damina su ne masu tsimin ruwa tun ƙasa na da laima. Suna rage shan ruwa da tsakar rana, su bar saura a ƙasa har lokacin da zangarniya za ta cika ido. Manoman ƙasarmu ma ba su zauna ba: da aka kwatanta irin hatsin da aka tara a ƙauyukan Nijar a 1976 da wanda aka tara a 2003, an tarar na baya ya fi saurin fidda kai. Zaɓen iri da hannu, shekara bayan shekara, na cikin abin da ya yi wannan aikin.

Yanzu ga maganar gonarka. Hatsin da ya tsaya gajere, bai yi ƴaƴa da yawa a gindi ba, tsofaffin ganyensa suka yi ja mai duhu, galibi yunwar sinadarin fosfor ke damunsa, wato ɗaya daga cikin abincin da tsiro ke sha daga ƙasa. Da a ce ganyen rawaya ya yi fayau, da sai mu fi zargin ƙarancin azot, sinadarin da takin uriya ke bayarwa. Ƙasar jigawa irin tamu tana cikin ƙasashen da suka fi talaucin fosfor a duniya, kuma ruɓaɓɓen ganye da taki da ke cikinta bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Aikin shekaru da masanin ƙasar noma André Bationo da abokansa suka yi a Sadore ya nuna cewa a irin wannan ƙasa fosfor ne ke fara tauye hatsi, har yakan riga ƙarancin ruwa.

To, me hatsi ke yi idan ya rasa fosfor? Saiwarsa na zubo da wani sinadari cikin ƙasa mai suna sitirigolakton. A 2005 masana a Japan suka gano amfaninsa: kira ne ga wata funfuna mai amfani da ke zaune cikin ƙasa. Ita wannan funfuna takan manne wa saiwa, ta miƙa zarenta siriri zuwa inda saiwa ba ta kaiwa, ta kwaso fosfor ta ba tsiro, shi kuma ya biya ta da sukari. Matsalar ita ce, irin ƙuduji da ke kwance cikin ƙasa da wannan sinadarin yake gane cewa akwai hatsi kusa, sai ya tsiro ya kama saiwa. Tun 1966 aka san sinadarin na tada ƙuduji, amma sai bayan kusan shekara arba'in aka fahimci dalilin da ya sa tsiro ke fitar da abin da ke jawo masa halaka. Kamar mutum ne ya ƙwala wa maƙwabci kira da dare neman taimako, ɓarawo ya riga maƙwabcin ji. Iya tsananin yunwar fosfor, iya yawan sinadarin, iya yawan ƙuduji. Abin da iyayenmu ke faɗa cewa ƙuduji alamar gajiyar gona ce daidai ne, yanzu an ga hanyar da abin ke bi.

Wannan ilimin ya fara haifar da abin hannu. A 2017 ƙungiyar Gebisa Ejeta, ɗan asalin Habasha da ke Jami'ar Purdue, ta gano ƙwayar gadon da ke sa wasu nau'o'in dawa su fitar da wani samfurin sinadarin wanda ƙuduji ba ya amsa masa sosai. An kuma gwada zuba sinadarin da aka haɗa a ɗakin bincike a gonakin Burkina Faso lokacin da babu hatsi a ciki, don ƙuduji ya tsiro ya rasa abin kamawa ya mutu. Ba ka da wannan sinadari a kasuwa, amma kana da wake da gyaɗa da riɗi, waɗanda su ma suke yaudarar ƙudujin hatsi ya tsiro alhali ba zai iya rayuwa a kansu ba.

Sai kwamfutar kwantam. Ga inda take haɗuwa da taki. Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa azot ne, amma tsiro ba ya iya cin sa kai tsaye. Masana'anta na mayar da shi taki ta hanyar da Fritz Haber da Carl Bosch suka ƙirƙiro a Jamus, wadda ta fara aiki a 1913. Hanyar na buƙatar zafi sama da digiri 400 da matsi mai tsanani, tana cinye kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na makamashin duniya baki ɗaya, shi ya sa farashin uriya ke bin farashin gas. Amma ka tuge gindin wake a gonarka ka duba saiwarsa, za ka ga ƴan dunƙule-dunƙule, in ka fasa ɗaya ka ga cikinsa ja-ja to yana aiki. Ƙwayoyin bakteriya da ke ciki suna yin aikin masana'antar nan a zafin ƙasar gona, ba wuta ba gas. Sirrin yana cikin wani ɗan curi da ya ƙunshi ƙwayar zarra 7 na ƙarfe, 9 na farar wuta, ɗaya na molibdenam da ɗaya na kabon. An san siffarsa, amma har yau ba a gama gane yadda yake raba azot ba, domin lissafin yadda ilektaron ɗinsa, wato ƴan mitsi-mitsin ƙwayoyin lantarki da ke cikin ƙwayar zarra, ke cuɗanya ya yi wa kwamfutocin da muke da su nauyi: duk ilektaron da aka ƙara, aikin ninkawa yake yi.

Kwamfuta ta yau da kullum na lissafi da sifili ko ɗaya. Ta kwantam na amfani da abin da ake kira kubit, wanda ke iya riƙe gaurayen yanayin biyu, kuma kubit da yawa na iya ɗaurewa da juna yadda ilektaron ke yi. Don haka ta dace da irin wannan lissafi, kamar yadda masanin kimiyya Richard Feynman ya hango tun 1981. A 2017 masanan jami'ar ETH ta Zurik da na kamfanin Microsoft suka nuna a rubuce cewa irin wannan kwamfuta za ta iya warware curin nan. Wani ƙiyasi na 2021 ya ce za a buƙaci kubit kusan miliyan 4 da aikin kwana huɗu. Na'urar Willow da Google ya nuna a Disambar 2024 kuwa kubit 105 gare ta, kuma sai an sanyaya ta kusan digiri 273 ƙasa da sifili take aiki. Ci gaba ne na gaske, ina kuma murna da shi, amma hangen Dala ba shiga birni ba. Ko an gama lissafin, sai an ƙirƙiro sinadarin da zai kwaikwayi na bakteriya, a gina masana'anta, sannan buhu ya iso kasuwar Maraɗi. Wanda ya ce maka an riga an yi, bai faɗa maka gaskiya ba.

Akwai kuma abin da bidiyon bai faɗa ba, wanda shi ne ya fi shafarka. Duk wannan fafutuka a kan azot ake yin ta. Fosfor ba ya cikin iska, babu lissafin da zai samar da shi daga babu. Daga dutse ake haƙo shi, ko ya dawo gona ta kashin dabbobi, toka da kara. Ko gobe aka wayi gari uriya ta zama kyauta, hatsin da ke fama da yunwar fosfor ba zai ci moriyarta sosai ba.

Shawarata ita ce kada ka watsa ɗan takin da ƙarfinka ya kai a faɗin gona. Sa shi rami-rami lokacin shuka: giram 6 na takin 15-15-15, wato cikin marfin kwalbar lemo, ko giram 2 na takin DAP, abin da yatsu uku ke tsunkulowa. A gona mai rami 10,000 a hekta, wannan kilo 60 ne na farkon ko kilo 20 na biyun. Ka sa shi a gefe kaɗan kada ya taɓa iri, kuma ƙasa na da laima, in ba haka ba zai ƙone tsiron. Wannan ɗan fosfor na farko shi ke sa saiwa ta yi saurin nitsewa, kuma yana rage kiran da ke tada ƙuduji. Amma in aka yi ta yin haka ana kwashe kara duka ana kaiwa gida, gonar za ta ƙara tsiyacewa, domin hatsi mai ƙarfi ya fi ɗibar abinci daga ƙasa. Dole takin gida ya biyo baya, ko da a ramin ne kawai, a kuma bar wani ɓangare na kara a kwance. Na san kara abincin dabbobi ne kuma kuɗi ne da rani, ba ƙaramin abu nake roƙo ba. In ka samu garin dutsen fosfat na Tawa, ka gauraya shi cikin ramin takinka ya ruɓe tare, domin a hankali yake narkewa, amfaninsa kan ɗauki shekaru yana fitowa.

Kada kuma ka tumɓuke sabara da kalgo. Wani bincike da aka yi a Senegal, aka fitar a 2018, ya ba saiwar sabara ta can ƙasa ruwa mai alama, sai ga ruwan nan ya bayyana a jikin hatsin da ke kusa. Da dare sabara na jawo ruwa daga zurfi ta sake shi a ƙasar sama, hatsi ya sha. Ga ganyenta da ke zama taki, ga ƙurar da take tarewa. Mu mutanen Maraɗi ba baƙi ba ne a wannan fanni, don a nan sassaben zamani ya samo asali a farkon shekarun 1980, lokacin da Tony Rinaudo da manoman yankin suka fara barin kututture ya sake toho, har abin ya kai hekta kusan miliyan 5 a Nijar. Itatuwan nan, da gawo a kan gaba, ba sa ƙirƙirar fosfor, amma suna ɗauko wanda ya nitse su dawo da shi sama.

Ƙudujin da ya riga ya fito ya gama yawancin ɓarnarsa tun yana ƙarƙashin ƙasa, saboda haka cire shi ba zai ceci hatsin bana sosai ba. Duk da haka ka cire, kafin furen nan mai launin shunayya ya zuba iri, ka fitar da shi daga gonar ka ƙone, domin gindi ɗaya na zubar da dubun-dubatar iri da ke iya jira cikin ƙasa sama da shekara 10. Ɓangaren da ya fi kamuwa kuwa, ka hutar da shi daga hatsi da dawa, ka sa masa wake ko gyaɗa zalla damina biyu a jere.