Kunnen tela da littafin awonsa

Ɗana, ka tambaye ni yadda za ka yi ka riƙa riƙe abin da masu kawo ɗinki suke faɗa, domin sau da yawa sai mutum ya tafi kake tsayawa kana kokwanton ko wuyan zagaye ya ce ko mai kwala, kuma littafin awon naka bai fitar da kai ba. Ni a ganina ba mantuwa ce ke damunka ba. Da zarar ka ga shadda a hannun mutum sai ka yanke wa kanka irin ɗinkin da zai nema, ka rataya tef a wuya kana jira ya yi shiru, saboda haka rabin maganarsa ba ta shiga kunnenka ba tun farko.

Idan mai kaya ya fara bayani, ka tsayar da keke, ka ajiye almakashi, ka fuskance shi, kuma kada ka rubuta komai tukuna. Mutane ba sa jero bukatarsu bi da bi. Wani zai fara da aljihu, ya shiga labarin telan da ya ɓata masa kayan bara, sai yana miƙewa zai tafi ya ce ai na ɗaurin auren ƙaninsa ne ranar Asabar. Wannan labarin na tsohon tela kada ka ɗauke shi surutu, domin a cikinsa ne mutum yake gaya maka abin da ba zai yafe ba, ko wuya mai shaƙewa ko wando mai jan ƙasa.

Bayan ya gama sai tambaya, kuma a nan ne aikin yake. Yawancin abin da masu kaya suke faɗa ba ya yankuwa da almakashi. Idan ya ce a sake masa rigar kaɗan, kaɗan ɗin nan inci ɗaya ne ko inci uku? Ka kama wadda ke jikinsa ka tambaye shi ko ta yi masa daidai, ka auna ta, sannan ku yi magana a kan abin da za a ƙara. Idan ya ce kafin Sallah yake so, ka sa ya faɗi rana, domin a goman ƙarshe na azumi kowa kafin Sallah yake so. Kada ka ji kunyar maimaita tambaya ko da gaban dattijo ne, ka rusuna ka ce, “Alhaji, a gafarce ni, aikin wuyan da zare fari za a yi ko da launin shaddar?”

Lambobin awo kuwa hukuncinsu dabam ne: kowace lamba ka rubuta ta nan take kafin ka ɗaga tef zuwa wani wuri, kuma ka bi tsari guda kullum, tsayi, kafaɗa, hannu, wuya, ƙirji, sannan ƙugu, cinya, tsayin wando da ƙafa. Amfanin tsari guda shi ne idan ka tsallake wani, gurbinsa zai nuna a shafin tun mutumin yana tsaye. Ka kuma sa alamar da za ta nuna ko awon jiki ne ko awon rigar da aka kawo ta gwaji, saboda na jiki sai an ƙara masa sakewa, na riga kuwa an riga an ƙara. Tef ɗinmu fuska biyu gare shi, inci 60 a ɗaya, santimita 150 a ɗayar. Baƙonmu na Maraɗi ko Damagaram zai iya ce maka mita biyar ya kawo, kai kuma ka rubuta yadi biyar, alhali yadi inci 36 ne, mita kuwa ta ɗan haura inci 39. Ka auna kayan a gabansa ka rubuta abin da tef ya nuna.

A ƙasan lambobin ka rubuta irin ɗinkin a taƙaice, da kuɗin da aka daidaita, da kafin alƙalami, da ciko, da ranar karɓa, sannan ka yanko ɗan ƙyalle daga bakin yadin ka maƙala a shafin. Ko da boko kake rubutu ko da ajami ban damu ba, muddin ni ma zan iya karantawa ranar da ba ka nan.

Kafin ya fita ka karanta masa duk abin da ka rubuta da babbar murya har ya amsa. Masu turo saƙon murya ta WhatsApp ma haka za ka yi musu: ka saurara har ƙarshe, ka sake saurara kana rubutawa a littafi, ka ɗauki hoton shafin ka tura masa, kuma kada ka sa alli a jikin kayan sai ya amsa cewa haka ne.