Tambaya da Amsa: Sunan wa titin Saint-Michel na Kwatano ya ci?

Tambaya: Na daɗe ina zuwa Kwatano sarin kaya, kuma duk zuwa sai na bi babban titin da ake kira Saint-Michel. Wani Bature ne mai wannan suna, ko kuwa? Daga wani ɗan kasuwa, unguwar Mokoyo, Maraɗi.

Amsa: Alhaji, ba Bature ba ne, ba ma ɗan Adam ba ne. Saint-Michel shi ne yadda Faransawa ke kiran Mala'ika Mika'ilu. Akwai cocin Katolika mai wannan suna a bakin titin, daga gare ta titin da unguwar suka samo sunan. Titin ya taso ne daga gadar da ake kira Nouveau Pont, kusa da kasuwar Dantokpa, ya yi yamma ya ratsa tsakiyar gari.

Wanda ya ci sunan Bature shi ne titin Steinmetz, mai gitta shi daga kudu zuwa arewa. François Steinmetz limamin Katolika ne, haifaffen yankin Alzas na Faransa a 1868, ya zama bishop na Dahome, wato ƙasar Benin ta yanzu, a 1906, ya rasu a garin Wida da ke yamma da Kwatano a 1952. Haka titin Clozel, inda babbar cocin nan mai zanen ja da fari take kusa da tsohuwar gada: sunan wani gwamna-janar ne na ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ta mallaka.

Abin lura shi ne, tituna da wasu unguwanni ne suka ɗauki sunayen mishan da na 'yan mulkin mallaka. Garin da kasuwarsa suna nan da sunayensu na harshen Fon. Kutonu, wanda bakinmu ya mayar Kwatano, na nufin bakin kogin mutuwa, kuma da yawa suna danganta sunan da cinikin bayi na zamanin Sarki Gezo na Dahome. A Dantokpa kuwa, Dan shi ne macijin da masu addinin gargajiya na can ke bauta wa, tokpa kuma bakin ruwa.

Tambaya: Me ya sa manyan titunan duk suka taru kusa da ruwa? Daga wata ɗalibar jami'a, Maraɗi.

Amsa: Malama, saboda ruwan ne ya haifi garin. Kwatano na zaune a kan wani siririn tudun rairayi tsakanin teku da tafkin Nokuwe. A 1885 aka haƙa mashigi don ruwan tafkin da ya yi ambaliya ya samu hanyar fita teku. Mashigin ya yi ta faɗi har ya raba garin biyu, shi ya sa sai an hau gada kafin a je Akpakpa, ɓangaren gabas na garin.

Gaɓar can ba ta da wurin fakewar jirgi, igiyar ruwa kuma mai ƙarfi ce. Da can jirgi kan tsaya nesa, a riƙa jigilar kaya da kwale-kwale, wasu su kife da kaya da mutane. Sai Faransawa suka kafa doguwar gadar ƙarfe mai shiga cikin teku a farkon shekarun 1890. Rumbunan 'yan kasuwa, ofishin duwan da tashar jirgin ƙasa duk suka jeru kusa da ita, tituna kuma suka bi su. Layin dogon ya yi arewa har ya kai garin Paraku a 1936, tafiyar kilomita 438, a nan ya tsaya. Tarihinmu ma ya shigo a nan: a shekarun 1950, ƙarƙashin shirin da aka kira Hirondelle, an riƙa loda gyaɗar ƙasar Maraɗi a manyan motoci zuwa Paraku, jirgin ƙasa ya ƙarasa da ita bakin teku, maimakon a bi ta Kano zuwa Ikko.

Tashar jiragen ruwa mai zurfi ta yanzu an buɗe ta a 1965. Ta zo da matsalarta: rairayin gaɓar yana tafiya ne daga yamma zuwa gabas, katangar tashar ta tare shi, sai ya taru a yamma, teku kuma ta shiga cin ƙasa da gidaje a gabas.

Tambaya: An ba ni adireshi da sunan titi, amma ɗan kabu-kabu ya ce bai san shi ba. Ina kuskuren? Daga wata mai sayar da atamfa, Sabon Gari.

Amsa: Hajiya, kuskuren ba naki ba ne. Sunayen da ke kan takarda kaɗan ne suka shiga bakin jama'a. Masu baburan can, da ake kira zemijan, masu riguna ruwan ɗorawa, da unguwa da alama suke aiki. Ki fara faɗin unguwa, kamar Zango, Jonke ko Ganhi, sannan wata sananniyar alama: masallaci, coci, kantin magani ko mahaɗar titi. Ki nemi lambar kare, wato lambar fegin gidan, daga wanda za ki je wurinsa. Idan kin ce Saint-Michel kawai, ki fayyace ko cocin kike nufi ko kasuwar unguwar, don titin dogo ne. Ku daidaita kuɗi kafin ki hau. In harshe ya gagara, ki ce a kai ki babban masallacin Zango, can za ki samu Bahaushen da zai yi miki kwatance.