Amsar Gwaggo Kan Kunun Kanwa da Ƙibar Jego

Ɗiyata,

Saƙonki ya iso, Allah ya sauke ki lafiya. Kin ce likitar da ke duba ki wajen awo ta hana ki kunun kanwa idan kin haihu, uwar mijinki kuwa ta ce macen da ba ta sha kanwa ta yi ƙiba ba, ba ta yi jego ba. Kina son sanin wa za ki bi. To, ki ba ni hankalinki, zancen da ɗan tsawo.

Jego kansa abin kirki ne, kada boko ya sa ki raina shi. Kwana arba'in ba daka, ba ɗebo ruwa, ba zuwa unguwa, ana dafa miki, ana karɓar jinjiri ki samu barci. Babu likitan da zai ja da wannan. Ƙaurin da miji ke sayowa ma ki ci abinki.

Kanwar ce abin dubawa. Abin da ke cikinta da yawa shi ne sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri, kuma aikinsa riƙe ruwa a jiki. Macen da ta haihu, zuciyarta ta yi wata tara tana aikin mutum biyu. Sai a ɗura mata kunun da aka zabga wa kanwa safe da yamma, a tashe ta da asuba a yi ta fyaɗa mata tafasasshen ruwa da ganyen dogon yaro, wasu har gadon ƙasa ake hura wa wuta ta kwanta, duk a cikin zafin nan namu na Sakkwato da ke wuce digiri 40 a watan Afrilu. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka rubuta yawan ciwon zuciyar da ke kama matan Hausawa bayan haihuwa, suka kuma danganta shi da waɗannan al'adu. Ba kanwa kaɗai ke kawo shi ba, akwai hawan jini da rashin abinci mai gina jiki, amma ita ce wadda ke hannunmu.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne yadda muke yi wa cutar kirari. Mai jego ta kumbura, fuska ta cika, sai 'yan barka su ce jego ya karɓe ta. Ki sa yatsa ki danna ƙwaurinta. Idan wurin ya lotsa ya daɗe bai taso ba, ruwa ne ya taru. In kuma ba ta iya kwanciya sai an tara mata matasai, numfashi sama-sama, ga tari cikin dare, a kai ta asibiti a ranar, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Wanka kuwa ki yi da ruwan ɗumi wanda hannunki zai iya zama a ciki. Kunu ki sha na gero ko na gyaɗa, ba kanwa.

Zancen ƙiba ya wuce jego. Mun ɗauka tumbi shi ne shaidar hutu, siririya kuma sai a ce mijinta ba ya ciyar da ita. Shi ya sa 'yan mata ke haɗiyar sha-ka-fashe kafin biki, alhali wasu ƙwayoyin nan suna tayar da sukari da hawan jini. Ni dai ban taɓa jin an auna lafiya da faɗin zane ba.

Haka batun ƙarin jini. Za ki ga masu zuwa barka da lemon malt da madarar gwangwani, wai a haɗa a sha jini ya dawo. Sukari ne ya fi yawa a ciki, madara kuma ba ta da wani abin kirki na sinadarin ƙarfe, wanda jiki ke haɗa jini da shi. Hanta, nama, wake, kifi, kwaɗon zogale, su ne masu aikin, tare da ƙwayoyin ƙarin jinin da aka ba ki a awo. Ki bi su da lemon zaƙi ko gwaba, ki jinkirta shayi, don shayi a kan abinci yana rage ƙarfen da jiki ke ɗauka. Kuma ki daina kallon tuwon gero da miyar kuka kamar abincin rashi. Gero ya fi farar shinkafa ƙarfe da dusa mai gyara ciki. Fura da nono ma lafiya lau, muddin an dafa madarar kafin ta kwana, ba a kuma cika mata sukari ba.

Miyar ce muka lalata da hannunmu: a watsa gishiri, a marmasa dunƙule huɗu biyar, ga kuma kanwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya kai giram 5 na gishiri a wuni, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, har da wanda ke cikin dunƙulen. Daddawa da albasar garin Gada sun isa su ba miya ɗanɗano.

Sai jinjiri. Za a ce ki matse dakashi ki zubar wai ƙazanta ne. Kada ki yarda. Wannan ruwan ɗorawa mai kauri na kwanakin farko cike yake da garkuwar jiki, ki sa masa nono cikin awar farko. Za a kuma ce zafin garin nan ya yi yawa a ba shi ruwa. Fiye da kashi 80 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne, ya ishe shi har wata 6. Ke ce za ki yawaita sha. Zuma ma sai ya cika shekara.

Uwar mijinki ki bar ni da ita, kada ki yi musu da ita ko a waya. Ba mugunta take nufi ba, abin da aka yi mata take son yi miki, kuma magana daga bakin sa'arta ta fi shiga. Idan za ki taho ki zo da katin awonki, don za mu riƙa auna jininki har bayan suna da arba'in. Ki gaida maigidan.

Gwaggonki